Awon Mai Riga

Wata bakwai na yi ina gina ta
a wani ɗaki bayan Tashar Dukku, a Gombe,
ni da Bitrus da janareta mai tari.
Manhaja ce ta masu ciwon suga:
kore idan lafiya, ja idan an haye,
ƙararrawa ƙarfe takwas, wata ƙarfe biyu.
Mu muka yi, mu muka yaba.

Ran wata Asabar na kai ta Bajoga.

Kawu Barkindo na bakin kekensa,
shekara goma sha ɗaya ciwon na zaune a jikinsa,
yanzu jikarsa Mero ke zura masa zare a allura.
Na miƙa masa wayata, ya karɓa kamar an ba shi ɗanyen ƙwai.
Ya ce, "'Yar nan, kore da ja
tun bara suka zama tagwaye a idona."

Ya laluba aljihu ya ciro tasa,
'yar ƙarama mai maɓallai, ɗaure da kyauro.
Ita ma ba tasa ce shi kaɗai ba:
da safe tana bin Sa'adu gona,
da yamma tana kwana a shagon caji.

Na ce, ƙarfe takwas za ka sha.
Ya ce, "Takwas ɗin wa?
Ni hantsi na sani, da azahar,
da lokacin da shanu ke dawowa."
Na ce, bayan an ci abinci.
Ya kalli ƙasa. Inna Wuro ce ta amsa daga madafa:
"Ranar da tukunya ba ta hau wuta ba fa,
me na'urar ta ce?"
Ba ta ce komai ba.
Ban koya mata wannan ranar ba.

A ajiye a firiji, in ji shafi na uku.
Inna ta ja hannuna zuwa bayan ɗaki:
tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani,
tsumma a baki,
kwalbar allura kwance cikin sanyi.
Na tsuguna a gabanta, na daɗe ban tashi ba.

Saura tambaya ɗaya.
Kawu, daga ɗaya zuwa goma, yaya ƙafar?
"Alhamdu lillahi."
Lamba nake so, Kawu.
"Jiya tururuwa, yau garwashi.
Shekaranjiya ƙaya ta shige ni,
ban sani ba sai da na ga jini a takalmi.
Wannan lamba nawa ce?"

Da zan tafi ya ɗauki tef ɗin awo daga wuyansa,
ya naɗe shi a yatsa a hankali.
"Shekara arba'in ina ɗinki,
ban taɓa yanka yadi ba
mai riga yana wani gari."

A hanya tirelolin siminti suka yi ta wuce mu,
ban ce wa kowa uffan ba har Gombe.
Na goge launukan. Na goge agogon.
Bitrus ya riƙe kai, sannan ya jawo kujera.

Yanzu waya ce ke kira, da muryar Mero,
Hausa ko Fulatanci, bayan an idar da salla.
Tana fara gaisuwa.
Tana tambaya an ci, kafin ta tambaya an sha.
In babu, a danna biyu, malamar asibiti za ta ji.

Kada ku ce mun gama.
Makon jiya ta kira sau uku,
takardata ta nuna Kawu garau, ya ci, ya sha.
Ashe Sa'adu ne a gona, hannu duk laka,
yake danna ɗaya don ta bar shi ya yi noma.

Gobe da asuba zan koma tasha.
Na bar kwamfutar a ɗaki.
Littafi na ɗauka, da biro,
da takalmin soso mai taushi, lamba arba'in da uku,
in na tuna ƙafar daidai.